Ɗakin mahaifiyarmu a tsohon garin Agadas yana zuba, an hana mu buga kwano, ina mafita?

"Assalamu alaikum malam. Ni ɗan Agadas ne amma ina zaune Kano ina ɗan kasuwancina. Gidanmu na gado yana cikin tsohon gari, mahaifiyarmu na ciki da ƙannena. Daminar da ta wuce ɗakinta ya yi ta zuba har sai da aka jera robobi, sai na aika kuɗi na ce a sauke rufin ƙasar a buga kwano kowa ya huta. An fara kwashe ƙasa ke nan sai ga mutane sun zo sun ce a dakata, wai unguwar na cikin wurin tarihi sai da izini, kuma wai da wuya a yarda da kwano. Ni dai abin ya ɗaure min kai, gidan ubanmu ne fa ba na gwamnati ba. Da gaske suna da wannan ikon? Kuma in ba kwano ba me za mu yi kafin ruwa ya dawo?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar gida da kake yi daga nesa. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, na farko ko waɗanda suka tsayar da aikin suna da hurumi, na biyu kuma yadda za a yi ɗakin ya daina zuba ba tare da an yi rigima da kowa ba. Ta farkon amsarta gajeruwa ce, eh suna da shi. Ta biyun ce za mu daɗe a kai, don ni aikina ke nan, gyaran ginin ƙasa tare da magina, kuma abin da na sha gani shi ne mafi yawan ɗakunan da ake cewa rufinsu ya mutu bai mutu ba, hanyar ruwa ce ta lalace ko kan azara biyu uku suka ruɓe, a kwashe rufin gaba ɗaya saboda wannan asarar kuɗi ce ko da babu wata doka a wurin. Ni ba ma'aikacin ofishin da ke ba da izini ba ne, kuma ban ga gidanku da idona ba, saboda haka ka ɗauki maganata a matsayin shawarar mai sana'a, hukunci yana hannunsu.

Yadda aka yi gidanku ya shiga cikin lissafi

A watan Yunin 2013 ne hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Abin da mutane da yawa suke zato shi ne babban masallaci ne kawai da hasumiyarsa mai tsawon mita 27 da fadar Sarkin Abzin aka yi wa rajista, to ba haka ba ne. Garin ne gaba ɗaya, kusan hekta 78, unguwanni 11 irin su Katanga da Amarewat da Amdit da Obitara, da lungunansu karkatattu waɗanda suka bi sawun inda ƙabilun Buzaye suka kafa tantunansu tun zamanin da sarauta ta zauna a garin a ƙarni na 15, sannan aka zagaye shi da wani yanki na kariya wanda shi ma akwai ƙa'idar gini a cikinsa. Wato abin da aka ce yana da daraja shi ne gidajen mutane na ƙasa da suke a jere har yau ana zaune a ciki, irin wanda Barth, Bajamushen matafiyin nan, ya sauka a ciki a 1850 da irin naku. In aka bar masallacin shi kaɗai a tsakiyar bulo da kwano to abin da aka yi wa rajistar ya tafi. Kuma rajistar ana iya soke ta, an yi wa birnin Liverpool na Ingila haka a 2021 saboda sababbin gine-gine da aka yi a bakin ruwa.

UNESCO da kanta ba ta da ɗan sanda, ba ita ke zuwa ƙofar gida ba. Ƙasar Nijar ce ta nemi rajistar kuma ta ɗauki alkawarin kiyayewa, tana da dokarta ta kare kayan tarihi tun 1997, sannan aka yi wa tsohon garin ƙa'idar gini ta musamman, aka kafa ofishin kula da shi da ake kira CECOGAZ, ga mairi, wato ofishin magajin gari, mai ba da takardar izinin gini, ga kuma fada da masu unguwanni waɗanda a zahiri su ne suka fi kowa sanin abin da ke faruwa a kowane lungu. Tun a takardun rajistar an ambaci abubuwan da ke ɓata garin, bulon siminti da rufin kwano da wayoyin lantarki da suka yi saƙa a sama da manyan tallace-tallace da ake shafawa a bango. Ka ga ke nan kwano ba wani sabon abu ba ne da wani ya ƙirƙiro don ya takura muku, sunansa na cikin takarda tun farko.

Gidan naku ne, ba wanda ya ƙwace, kuna iya zama kuna iya sayarwa kuna iya raba gado. Abin da aka taƙaita shi ne canza kamanninsa da kayan da aka gina shi da su. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Amma fa zan faɗi gaskiyata, takaicinka yana da tushe. Dokar nan nauyinta a kan mai gida yake, shi zai nemi azara da tsada, shi zai biya magini duk shekara, ribar da aka yi ta faɗa ta masu yawon buɗe ido kuwa tun tawayen 2007 da sace Turawan da aka yi a Arlit a 2010 ƙafarsu ta ɗauke, ba kamar da ba. Kuma na san in ka zo gida za ka nuna min gidaje a unguwarku da kwano a kai ka ce su wa ya hana su. Wasu sun riga dokar, wasu sun yi ne ba wanda ya tanka. Ni a ganina duk inda aka ce wa talaka kada ya yi abu mai sauƙi to ya kamata a zo masa da taimako a hannu, ko da na kayan aiki ne ko na ƙwararren magini. Wannan ra'ayina ne, amma ba zai hana ɗakin Hajiya zuba ba, bari mu koma kan aiki.

Wane aiki ne yake ta da ƙura

Ƙa'idar da ake bi a wuraren tarihi kusan ko'ina ɗaya ce, ana raba kula da gida da canza gida. Yaɓen shekara, toshe tsaga, share indararo, cire azarar da ta ruɓe a sa irinta a wurinta, wannan kula ne, shi ake so ma a riƙa yi. Canza ƙasa zuwa kwano ko dakali na siminti, ƙara tsawon bango, ɗora bene, fasa sabuwar taga ta waje, rushe zaure a yi shago mai ƙofar ƙarfe, wannan canji ne kuma shi ne sai an nemi izini. Ku abin da ya jawo muku ido shi ne an ga ana zubo ƙasa daga sama cikin lungu, duk wanda ya ga haka ya san kwano na tafe. Ko da irin na da za ku mayar, tunda aikin ya kai ga buɗe rufi gara a sanar da su tukuna, ba ya cin komai kuma yana rufe bakin mai tsegumi.

Me ke sa rufin ƙasa zuba

Nan nake so ka natsu, don in ka gane wannan kai da kanka za ka san tambayar da za ka yi wa magini ta waya. Rufin soro hawa-hawa ne. A ƙasa akwai azara, a Agadas galibi ta goriba ce, a Kano da kudu giginya aka fi sani. Bisa azara a jera ƙananan itatuwa ko a shimfiɗa tabarmar kaba ko zana, bisa wannan a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daddaɓe, a ƙarshe a yi yaɓen sama mai laushi wanda shi ne ke karɓar ruwa, a karkata shi zuwa bakin indararo, rawani kuma, wato ɗan bangon da ya ɗara rufin tsawo, ya zagaye gefe. Ƙasa ba ta hana ruwa shiga kamar yadda ƙarfe ke yi, dabararta ita ce ruwa ya gudu kafin ya samu lokacin jiƙa ta. Duk abin da ya sa ruwa ya tsaya a sama ko na rabin awa ne to shi ne ciwon.

Agadas ba garin ruwa ba ne, a shekara abin da ake samu yawanci bai kai milimita 200 ba, amma yana zuwa ne a dunƙule cikin Yuli da Agusta zuwa farkon Satumba, wani lokaci rabin na shekara a dare ɗaya. Duk ɗan garin ya tuna ambaliyar farkon Satumban 2009 da ƙoramar Telwa ta yi, ga kuma daminar 2024 da ta yi ɓarna a duk faɗin ƙasar har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Rufin da ya yi wata tara yana shan rana ya tsattsage, sai a sauke masa irin wannan ruwa lokaci guda, in hanyar fita ba a buɗe take ba dole ya nemi ta ƙasa.

Abu na farko da nake dubawa in na hau sama indararo ne, kuma wallahi sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Za ka tarar da bakinsa cike da leda da kashin tattabaru da ƙurar hunturu da ta daskare, ko kuma an yi ta ƙara yaɓe shekara da shekaru har ƙasar rufin ta yi tudu a gabansa ruwa na kewaya shi, ko wuyansa inda ya ratsa rawani ya saki, ruwa maimakon ya bi ta ciki sai ya bi ta ƙarƙashinsa ya shiga cikin bango. Wani kuma gajere ne, yana zubar da ruwan a jikin bangon da ya kamata ya kare, za ka ga wata doguwar kwarya ta zaizaye daga sama har ƙasa. Indararo ya kamata ya fito waje kamar rabin mita, kuma babban ɗaki guda ɗaya ba ya isarsa.

Na biyu kwarin da ke tsakiyar rufi. Azara in ta tsufa tana lanƙwasa, sama sai ya yi kwari, ruwa ya kwanta. Me mutanenmu ke yi, sai a kawo ƙasa a cike kwarin. Baɗi ya ƙara lotsawa a ƙara ƙasa. To ka yi lissafi da ni, busasshiyar ƙasa mai kaurin santimita 20 tana kai kilo 340 a kowace murabba'in mita, ɗaki mai mita 3 da 4 ke nan yana ɗauke da wajen tan 4, kuma duk santimita 5 da aka ƙara an ɗora masa kusan wani tan ɗaya, wannan fa kafin ta sha ruwa. Akwai wani gida da aka kira mu ɗakin tsohuwa na zuba kamar naku, da muka yanka rufin daga gefe sai ga yaɓe hawa bisa hawa kowanne da launinsa, ja da fari da mai ciyawa, kaurin ya fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa, azarar da ke ƙasa kuwa lafiyarta lau in ban da ta gaji da kaya. Rage ƙasa muka yi, muka canza guda biyu da suka tsage, muka gyara gangara, shi ke nan. Gangarar da nake so kamar santimita 3 zuwa 5 ce a kowace mita, in ta yi ƙasa da haka ruwa ya kwanta, in ta yi yawa kuma ya riƙa wanke yaɓen.

Na uku kan azara, wato inda ta shiga cikin bango. Nan ne take fara mutuwa, don tsagar da ke fitowa tsakanin rawani da rufi daidai kanta take zubar da ruwa, kuma daga cikin ɗaki ba za ka gani ba, tsakiyarta na nan baƙi ƙirin da ƙarfinta alhali kan ya zama gari. Ka ce wa ƙanenka ya samu doguwar ƙusa ko sukundireba, ya ɗan ƙwaƙule ƙasar da ke gefen kowace azara ya soka. In ƙarfen ya tsaya yana ƙara to da sauranta, in ya shige kamar cikin burodi ko wani jan gari ya zubo ko ya ga hanyar gara, ya sa mata alama da gawayi. Ya ƙirga masu alama ya faɗa maka. Wannan ƙirgar ita ce za ta raba tsakanin ƙaramin gyara da sabon rufi, ba bakin magini ba, don magini ma ɗan Adam ne, babban aiki ya fi masa.

Sai kuma abubuwan zamani da muka ɗora wa soro waɗanda kakanninmu ba su san da su ba, ƙafar dish da aka kafa da ƙusa ta huda yaɓe, faifan sola da aka danne da bulo, tankin ruwa mai ɗiga dare da rana, tarkacen da aka jibge a kusurwa suna tare ruwa. Kowanne ƙofa ce.

Maganar kwano

Bari mu ajiye doka gefe mu yi maganarsa a matsayin kayan gini. Amfaninsa a fili yake, yana da sauƙin samu, kwana biyu an gama, ba nauyi, kuma ba ya neman yaɓe duk shekara, ga wanda ke zaune Kano yana aiko kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne, na fahimta. Amma Agadas a watan Mayu da Yuni zafi na wuce digiri 40 kusan kullum, ɗakin ƙasa yana shanye zafin rana a hankali ya sake shi da dare, kwano kuwa nan take yake sauke shi a kan mutum, da hunturu kuma ya juya ya zama sanyi. Tsohuwar da ta yi rayuwarta a ƙarƙashin soro in ka mayar da ita ƙarƙashin kwano za ka ga ta kwashe tabarmarta ta koma zaure, daga nan sai maganar silin da fanka da kuɗin wuta.

Sannan bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa. Nauyin rufin ƙasa shi ke danne bangaye ya ɗaure su wuri ɗaya, in ka cire shi ka sa kwano sai an yi dabarar ɗaure katako da waya a cikin bango ko a jera duwatsu a sama, kuma iskar da ke zuwa gaban hadari a Sahara ba ta wasa, tana ɗaga kwanon tana girgiza saman bangon har ya tsage. In an bar kwanon ya leƙo waje ruwansa zai riƙa dukan gindin bangon maƙwabci, a lungun da faɗinsa bai fi mutum biyu su gifta ba wannan shari'a ce ke jiranka. In kuma an ɓoye shi a bayan rawani, wanda shi ne dabarar da mutane ke kawowa don a ce ba a gani daga titi, to an yi kwata a tsakanin ƙarfe da ƙasa, wuri mafi wahalar toshewa a duk ginin, kuma a Agadas ɓoyewar ma ba ta cika ba tunda duk wanda ya hau hasumiya rufin garin gaba ɗaya yake kallo.

Siminti da leda da ƙarfe

Wani zai ce maka to a bar ƙasar amma a shafe sama da siminti. Kada ka yarda. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare, rana ta buga shi ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita don an rufe masa sama, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye azara na ruɓewa, ku kuna ganin sama sumul kuna cewa an huta. Rufin ƙasa zalla in ya jiƙe yana bushewa kuma yana nuna maka inda ke ciwo, mai siminti ba ya gargaɗi.

Leda kuma ana sa ta sosai yanzu kuma ba na kushe ta gaba ɗaya. In mai kauri ce, aka shimfiɗa ta a tsakiyar ƙasa, wato an fara zuba hawa ɗaya an daddaɓe an ba shi gangara sannan leda sannan wani hawa a sama, aka ɗaga gefenta ta hau jikin rawani, aka shigar da bakinta cikin indararo, tana taimakawa kuma ba a ganinta. In aka shimfiɗa ta kai tsaye bisa tabarma ko aka bar ta da kwari to ta zama jakar ruwa, rana ɗaya za ta huje ta sauke shi wuri guda.

Matsalar gaske ita ce azara. Goriba da giginya itatuwa ne da ma'aikatan gandun daji ke karewa, ba a sara sai da takarda, mai kyau ta yi wuya ta yi tsada, giginya ma daga can kudu wajen Gaya ake hawo da ita. Shi ya sa nake cewa duk tsohuwar azarar da aka sauke kada a bari ta tafi murhu, wadda kanta ya ruɓe ana yanke shi a yi amfani da ita a ƙaramin ɗaki ko bisa ƙofa. In za a sayi sabuwa a duba ɓangaren baƙin nan mai tauri na bayan itacen ya fi yawa, farin cikin ba shi da ƙarfi kuma shi gara ke so. Inda ɗaki ya yi faɗi dogayen azara suka gagara, akwai masu gitta ƙarfen IPN, wato doguwar azarar ƙarfe, guda ɗaya a tsakiya sai gajeru su hau kansa ta kowane gefe, daga waje ba abin da ya canza. Yana aiki in an shafa masa fentin hana tsatsa kuma an yi masa matashi mai faɗi a cikin bango don kada ya nutse, amma tunda sabon abu ne a tsohon gida, a rubuta shi cikin abin da za a nema izini, kada a yi shi a ɓoye.

Yadda za ku tunkare su

Kafin komai ku daidaita a cikin gida. Gidan gado ne, kuma na ga aiki ya tsaya ba don hukuma ba sai don wani ɗan'uwa da ba a shawarta ba ya taso. Ku wakilta mutum ɗaya da ke garin, ya fara da mai unguwa, don shi zai shaida gidan naku ne kuma shi ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, daga nan ofishin kula da tsohon gari da mairi. Kada ya je da faɗa kuma kada ya je da kalmar kwano a bakinsa, ya je da matsala, ɗakin tsohuwa na zuba an riga an buɗe wani sashe damina na tafe muna so a zo a gani. Ya riƙe hotuna a waya, na saman rufin da indararo da rawani, na cikin ɗaki inda ruwa ya yi zane, na kan azarar da aka sa wa alama, da na gaban gidan daga lungu. Ya samu takarda ko da rubutun hannu ce mai faɗin girman ɗakin, abin da za a cire, abin da za a mayar da kuma irin kayan. Ya tafi da maginin da zai yi aikin, kuma ya kasance maginin ƙasa ne na gaske wanda aka sani a garin, irin waɗanda ke hawa gyaran masallaci da fada, ba mai bulo da zai koya a kanku ba. Abin da na lura da shi shi ne masu duba irin wannan aiki hankalinsu ya fi kwanciya in sun ga wanda zai riƙe aikin sun san hannunsa.

Abin da za su duba ba ɓoyayye ba ne, tsawon ginin zai canza ko a'a, rawani da fuskar gidan za su koma yadda suke ko a'a, da me za a rufe, ina ruwan zai zuba, akwai wani ado na da a cikin ɗakin ko a bakin ƙofa da aikin zai taɓa. Buƙatar da ta ce za mu mayar da shi yadda yake da ƙasa da azara, za mu ƙara indararo mu gyara gangara, ita ce mai saurin wucewa. Duk abin da aka amince a ba ku shi a rubuce da hatimi, ko da rabin shafi ne, don ma'aikaci na canzawa kuma maganar baki ba ta da shaida. Ku kuma tambaya ko akwai wani tallafi na gyaran gidaje da ke gudana a lokacin, ana samun irin wannan jefi-jefi kuma wanda sunansa ke cikin takardun ofishin shi ake tunawa. A gaya wa maƙwabcin da kuke bango ɗaya da shi tun kafin a fara.

Kada ka sayi komai sai an gama wannan. Kuɗin kwanon da ka aika a riƙe shi, akwai yiwuwar ya isa gyaran in azarar da ta mutu ba ta da yawa, amma ka sa a ranka cewa rufin ƙasa yana da kuɗin shekara, yaɓe da share indararo kafin kowace damina, gara ka ware wani abu ka ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa da sunansa, don aikin kowa da kowa ne ke kashe gidajen gado.

Lokaci kuma yana da muhimmanci. Aikin ƙasa na rani ne, kwaɓin yana so a jiƙa shi da ciyawa a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa kafin a ɗora, kowane hawa ya sha iska kafin na gaba, a gama kafin watan Yuni. In magini ya ce zai kwaɓa da safe ya rufe da yamma ka nemi wani.

Yanzu dai tunda an riga an buɗe wani sashe, a rufe shi da tamfol a danne gefe yadda ruwa zai gangara waje ba cikin ramin ba, ƙasar da aka sauke a tara ta a tsakar gida don ita za a sake kwaɓawa, ta fi sabuwa. Hajiya ta koma wani ɗaki har a gama, ko da ta ƙi a lallashe ta. In ƙanenka ya ga azara ta tsage a tsakiya, ko ƙasa na zubowa da kanta ba a taɓa ba, ko bango ya buɗe daga kusurwa, a tokare da itace mai ƙarfi da katako a ƙasansa da samansa, a kulle ɗakin kada yara su shiga, kuma ya faɗi wannan a ofishin tun a zuwan farko don a san na gaggawa ne. In kun yi gwajin ƙusar ka turo min adadin azarar da hotunan kawunansu, daga nan zan iya ce maka ko gyaran gefe ne ko sai an sauke duka.